Ba girin-girin ba, ta yi mai: fiye da shekara 40 ana alƙawarin noma mai da ruwan teku

A watan Janairu na 2019 wani jirgin sama na kamfanin Etihad, ƙirar Boeing 787, ya tashi daga Abu Dabi ya sauka Amstadam ta ƙasar Holan. Cikin man da ya sha a hanya har da wanda aka tatso daga ƙwayar wata ciyawa da ba ta san ruwan daɗi ba. Cikin rairayin hamada aka shuka ta, da ruwan gishiri aka shayar da ita har ta nuna. Jaridu suka yi ta yayata labarin, wasu har suna cewa an gama da matsalar hamada ke nan, tunda teku ba ya ƙafewa. Labarin gaskiya ne, ƴan uwa, ba ƙage ba. Sai dai rabinsa aka ba mu, kuma rabin da aka tsallake shi ne mai amfani ga duk wanda ƙasarsa ke sayo man miya daga waje kamar tamu.

Sunan ciyawar salikorniya. In ka gan ta ba za ka ce abin noma ce ba. Ba ta da ganye, sai rassa kore shar masu gaɓa-gaɓa kamar yatsun kaza, cike da ruwa, tsayinta bai cika wuce gwiwa ba. A bakin teku take fitowa da kanta, inda ruwa ke hawa yana sauka. Ka tsinka ka tauna, gishiri ne zalla. Dabararta ita ce ba ta gudun gishirin: tana shan sa ta tara cikin wasu ƴan jakunkuna a jikinta, shi kuma wanda ta tara ɗin ya riƙa jawo mata ruwa daga ƙasa. Gero ko shinkafa in ka ba su irin wannan ruwa, ƙishirwa ke kashe su alhali suna tsaye tsamo-tsamo cikinsa, don gishirin waje ke zuƙe ruwan jikinsu. Lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, ta Bahar Maliya ma ta kai 40. Shinkafa kuwa tun daga giram 2 ko 3 ta fara jigata. To ka ga tazarar.

Abin da ya ja hankalin masana ba karan ba ne, ƙwayar ce. Duk gishirin nan a kara yake tsayawa, ba ya shiga ƙwaya, ita kuma ƙwayar, wadda ba ta kai riɗi girma ba, cike take da mai. Tun ƙarshen shekarun 1970 wasu masu bincike na Jami'ar Arizona ta Amurka suka tattaro ɗaruruwan tsirrai masu jure gishiri daga sassan duniya, suka yi ta gwada su a Puerto Peñasco, wani gari na gaɓar hamadar Sonora a ƙasar Meziko, inda ruwan sama kusan babu. Wadda ta yi zarra ita ce wata irin salikorniya ta gaɓar Amurka. A 1991 Edward Glenn da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwajin shekara 6 a mujallar Science: ƙwayar tana da mai kashi 26 zuwa 33 cikin 100, da sinadarin gina jiki kashi 31, kuma amfanin da ta bayar ya yi kafaɗa da kafaɗa da waken suya da ake shayarwa da ruwan daɗi. Kimanin tan 2 na ƙwaya a hekta, da tan goma sha wani abu na kara. Man ana cin sa, kuma injin tatsar mai na yau da kullum ya isa a fitar da shi.

Ba mu cikin masu yi wa wannan bincike dariya. Kashi 97 cikin 100 na ruwan duniya na gishiri ne. Ɗan ragowar na daɗin da ɗan Adam ke ɗiba, kusan kashi 70 cikin 100 noma ke shanye shi. Ga kuma dubban kilomita na gaɓar teku a Muritaniya, Namibiya, Sudan, Iritiriya da ƙasashen Larabawa inda rairayi ya haɗu da teku babu ko tsinke tsakaninsu. Duk wanda ya ce bari in haɗa waɗannan biyu in fitar da abinci, ya yi tunani mai kyau. Ciyawar ma ta cika alƙawarinta, ta fito, ta yi ƙwaya, ta ba da mai. Gonar ce har yau ba ta cika nata ba. Shekara 30 da ɗoriya bayan wancan rubutu na 1991, babu kasuwar da za ka shiga ka tarar da bido-bido na man salikorniya jere kusa da na gyaɗa da manja. Me ya hana?

Mu fara da gishirin kansa, mu yi lissafi irin na ƴan makaranta. Hekta ɗaya in ka malale ta da ruwa zurfin mita ɗaya, lita miliyan 10 ke nan. Kowace lita giram 35. Jimla tan 350 na gishiri, wato lodin manyan motoci goma, a hekta ɗaya tak. Kuma a zafin hamada mita ɗaya ba ta isar shukar daga shuka zuwa girbi. Rana ta ɗauke ruwan ta bar gishirin. In ya taru a saiwa, ita ma salikorniyar mai taurin kai mutuwa za ta yi. Don haka dole a riƙa zuba ruwa fiye da abin da shukar ke sha, kusan kullum, don sabon ruwa ya wanke gishirin jiya ya tura shi ƙasa. Wannan na yiwuwa ne kawai inda ƙasar rairayi ce mai zurarewa, kuma teku na kusa da zai karɓi abinsa. Ma'ana gonar daram take a ɗaure da bakin teku, ba ta iya yin nisa.

Sai wanda zai ɗaga ruwan. Teku a ƙasa yake, gona a sama, ruwa kuwa ba ya hawa tudu don Allah. Inji ne, da gazuwal ko wutar lantarki, dare da rana. Duk wanda babansa ke noman rani a Jirataua ko Ƙonni ya san cewa kuɗin man inji shi ke cinye riba tun kafin a kai kasuwa. Masu goyon bayan noman teku suna cewa ɗaga ruwa ƴan mitoci daga teku ya fi sauƙi bisa jawo shi daga rijiya mai zurfi, kuma gaskiyarsu. Amma manomin albasa in injinsa ya tsaya kwana biyu yana iya farfaɗowa. A gonar ruwan teku kwana biyun nan gishiri ke ɗaurewa a ƙasa fari fat. Ga shi ruwan teku na cin ƙarfe, bututu da inji ba su daɗewa.

Yanzu a juya a duba abin da ke shigowa aljihu. Tan 2 na ƙwaya mai kashi 30 na mai, kilo 600 ke nan a hekta, in komi ya tafi daidai kamar a filin gwaji. Kwakwar manja a Maleshiya da Indunusiya tana ba da tan 3 zuwa 4 a hekta, ruwanta kuma daga sama yake zuwa kyauta. Da ita za a yi gasa a kasuwa, kasuwa kuwa ba ruwanta da cewa naka man da ruwan teku aka yi shi. Kuma kilo 600 ɗin ma ba ya zuwa cikakke, don salikorniya har yanzu ciyawar daji ce. Ba ta nuna lokaci guda, wani reshe ya bushe yana zubar da ƙwaya wani yana ɗanye. Tana kwantawa gab da girbi. Ƙwayar ƙanana ce, iska da inji su watsar. Masu binciken Arizona da kansu sun rubuta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayar a gona yake ɓacewa.

Akwai kuma maganar tunkuza, wadda mutanen birni kan manta da ita. Ku tambayi kowace mace mai ƙuli-ƙuli a Maraɗi ko Matamaye, za ta faɗa muku cewa mai shi kaɗai ba ya fitar da ita, sai an haɗa da kuɗin ƙuli. Haka lissafin yake a manyan masana'antun duniya, waken suya ma tunkuzarsa ta fi mansa kawo kuɗi. To tunkuzar salikorniya tana da wani sinadari mai ɗaci da kumfa da ake kira saponin, dangin wanda ke cikin aduwa. Kajin da aka ciyar da ita da yawa ba su girma yadda ya kamata sai an gyara ta, gyaran kuma kuɗi ne. Karan da ya rage ana iya ba tumaki da awaki a matsayin wani kaso na abincinsu, an gwada sun yi ƙiba, naman bai canza ba. Amma saboda gishirin sai sun sha ruwa fiye da na kullum. Ruwan daɗi fa, a ƙasar da tun farko rashinsa ya sa aka koma ga teku.

Duk da haka an gwada da gaske, ba a takarda kawai ba. A shekarun 1990 an shuka har hekta 250 a Ras al-Zawr, gaɓar gabashin Saudiyya, da manyan injinan feshi masu zagaye, irin waɗanda ke zana da'ira kore cikin hamada. Bai zama sana'ar da ta ɗore ba. Amma gwajin da ya fi dacewa mu tsaya a kansa a nan Afirka aka yi shi.

A ƙarshen shekarun 1990, Carl Hodges, wanda ya daɗe yana shugabantar cibiyar binciken nan ta Arizona, ya haɗa gwiwa da gwamnatin Iritiriya suka kafa gona kusa da Masawa a bakin Bahar Maliya, ana kiran ta Seawater Farms Eritrea. Ya riga ya gane cewa mai shi kaɗai ba zai biya kuɗin inji ba, sai ya tsara abin hawa-hawa. Aka haƙa babbar magudana daga teku. Ruwan ya fara shiga tafkunan jatan lande, daga nan ya wuce na kifi, ya fito ɗauke da kashinsu wanda ya zama taki, ya malala gonakin salikorniya, ragowar ta bi cikin itatuwan bakin teku da ake kira mangurob, su tace shi kafin ya koma inda ya fito. Ruwa ɗaya, amfani huɗu. Wallahi tsarin ya burge, kuma ya yi aiki. An fitar da jatan lande zuwa Turai. Kusan mutum 800 suka samu aiki, a ƙasar da ke cikin yaƙi da Habasha daga 1998 zuwa 2000.

A 2003 abin ya tsaya. Dalilin da aka fi ambata shi ne rikicewar siyasar ƙasar, kuma ba abin mamaki ba ne: tun watan Satumba na 2001 gwamnatin Isaias Afwerki ta rufe jaridu masu zaman kansu, ta kulle manyan jami'anta da suka nemi gyara. Masu kare noman teku sun riƙe wannan a matsayin hujja, suna cewa ai ba laifin ciyawa ba ne, laifin ƴan siyasa ne. Mu kuma a nan muka ga babban darasin. Wace irin gona ce wadda in mutum ɗaya ya shiga jirgi ya tafi, sai mutum 800 su koma gida? Ilimin na baƙo, irin na baƙo, kasuwar tana Turai, izinin yana hannun fada. Ma'aikatan ƙarfinsu kawai suka kawo. Babu ɗaya cikinsu da zai iya yanke ɗan fili ya ci gaba da kansa, don abin ba ya yankuwa: in babu babbar magudana da manyan injina, babu gona. Kuma ku lura, abin da aka loda a jirgi aka kai Turai jatan lande ne. Man da aka yi ta girin-girin a kansa bai taɓa zama ginshiƙin gonar ba.

A wannan gaɓa ɗaya, ƴan kilomita kudu da Masawa, a ƙauyen Hirgigo, wani dattijo yana can yana wani aiki da ruwan teku wanda bai samu rabin wannan talla ba. Sunansa Gordon Sato, masanin halittu Ba'amurke ɗan asalin Japan, wanda yana yaro gwamnatin Amurka ta tsare shi da iyayensa a sansanin Manzanar cikin hamadar Kalifoniya lokacin yaƙin duniya na biyu. Shi ya lura cewa itatuwan mangurob ba su fitowa a gaɓar Iritiriya sai inda ruwan damina ke gangarowa teku daga tudu. Ya bincika ya gano ba ruwan daɗin suke bi ba, abin da ruwan ke kwasowa suke bi, wato sinadarai uku da suka yi ƙaranci a ruwan teku: naitirojin, fosforas da ƙarfe. Sai ya zo da dabara mai arha har ta ba da dariya. A ƙulla taki cikin leda, a huda ƴan ƙofofi don ya riƙa tsiyaya sannu-sannu, a binne kusa da iri tare da guntun ƙarfe. Shi ke nan. Teku da kansa ke shayarwa in ya hau, babu inji babu gazuwal.

Mutanen ƙauyen, yawancinsu mata, suka dasa itatuwa dubu ɗaruruwa. Ganyen da ƴaƴan suka zama abincin tumaki da awaki, ana ƙara musu garin kifi. Aikin ya ci gaba shekaru bayan babbar gonar ta rufe. Ba mu ce shi ma ba ya da tallafin waje ba, yana da shi, har Sato ya zuba kuɗinsa na kansa. Bambancin shi ne itacen da matar Hirgigo ta dasa ba ya jiran kowa ya kunna masa inji, kuma akuyar da ta ci ganyen tata ce.

Mu koma ga jirgin Abu Dabi. Gonar gwajin da ta ba da wannan mai an buɗe ta ne a 2016 a Masdar, da haɗin gwiwar Etihad, Boeing da wata cibiyar bincike ta ƙasar, bisa tsari mai kama da na Hodges: kifi da jatan lande, salikorniya, mangurob. Girmanta duka hekta 2. A ce ma duk hekta 2 ɗin salikorniya ce, wanda ba haka ba ne, kuma a ce ta ba da mafi kyawun amfani, mai tan ɗaya da ɗan kai ne a shekara. Jirgi irin wannan yana ƙona tan 5 ko fiye a awa guda, tafiyar kuma ta kai awa 7. Kun ga ke nan ɗan kaɗan aka zuba cikin man jirgi na kullum, kamar yadda ake ɗiga man shanu a tuwo. A matsayin gwaji ba laifi, sun nuna abin na yiwuwa. Amma lissafin ya nuna cewa noman hekta ɗaya na shekara guda cur ba ya riƙe jirgin nan minti goma a sama.

Kuma a nan ne ya kamata mu tsaya mu yi tambaya mai ɗaci. A 1991 an gabatar da wannan ciyawa ne a matsayin abinci, man miya da abincin dabbobi ga ƙasashen da ba su da ruwa. Zuwa 2019 ta koma tankin jirgi. Me ya faru a tsakani? Kuɗi ne suka yi magana. Talaka mai bukatar man miya ba ya da abin ɗaukar nauyin bincike, kamfanin jirgi mai neman wanke sunansa kan gurɓata iska yana da shi. Haka ma in ka duba inda salikorniya ke kawo riba a yau, ba a mai ba ne. Ɗanyen kanta ake yanka a kai manyan kantuna da gidajen abinci na Faransa, Holan da Ingila, a ɗora gefen kifi a faranti, da tsada. Tsiron da aka ce zai ciyar da mayunwata ya ƙare a teburin ƙosassu. Ba ƙeta kowa ya yi ba, haka kasuwa ke yi da duk abin da aka bar mata ita kaɗai.

Wani zai ce mun cika gaggawa, kuma yana da hujja. Geron da muke ci ya fi shekara 4,000 a hannun manoman Sahel suna zaɓen iri, har ya daina zubar da ƙwayarsa ya tsaya jiran lauje. Salikorniya ko shekara 50 ba ta yi a hannun mutum ba. Sannan allunan hasken rana sun yi arha ƙwarai bisa yadda suke a 2003, wanda ya canza lissafin injin ruwa. Mun yarda da duka biyun. Shi ya sa muke cewa a ci gaba da binciken, amma a kira shi da sunansa, bincike, a kuma riƙe shi da kuɗin jama'a a buɗe, yadda irin da aka gyara ba zai zama mallakar kamfani ɗaya ba. Akwai cibiyar ICBA a Dubai, wadda aka kafa a 1999 da hannun Bankin Musulunci na raya ƙasa, aikinta ke nan noma a ƙasa da ruwa masu gishiri. Nijar memba ce a wannan banki. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ɗauko abin da ke matakin gwaji a sayar wa gwamnatocin Afirka a matsayin mafita, a karɓi fili da sassaucin haraji, a ɗauki hoto da minista, bayan shekara biyar a bar wa mutanen wurin tsatsar injina.

To mu da ba mu da teku, ina ruwanmu? Daga Yamai zuwa Kwatano kilomita 1,000 ne, kuma kowa ya san halin da wannan hanya ke ciki tun 2023. Ba wanda zai kawo mana ruwan teku. Amma muna da ruwan zartsi, kuma nan haɗarin yake, don akwai ranar da wani zai zo da porje a jaka ya ce ga ciyawar da za ta mai da rijiyoyinku na zartsi gonar mai. Ku tuna da motoci goma na gishiri. A bakin teku gishirin yana da wurin komawa. A cikin ƙasa babu inda za shi sai ƙarƙashinmu, cikin ruwan da gari ke sha, kuma ruwan ƙasa in ya yi gishiri ba a shekara goma ake wanke shi ba. Ban da haka, gishirinmu ba duka ne irin na teku ba. A kwaruruwan Gidimuni, Gudumariya da Maine-Sorowa kanwa ce ta fi yawa, ita kuwa ban da ƙona shuka har ƙasar take daskarewa ta hana ruwa zurarewa. Abin da aka auna a rairayin Meziko ba ya ba da amsa a kan wannan. Sannan irin da aka yi wa gwajin yana bukatar kusan kwana 100 na sanyi-sanyi kafin ya yi fure yadda ya kamata. Ku ƙirga kwanakin hunturunmu.

Abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne ƙasar da gishiri ke cinyewa yanzu haka muna kallo. Mu mutanen gishiri ne tun kaka da kakanni, kantun Bilma, mangul na Manga, gishirin Foga, duk mun san su a kasuwa. Wanda ba mu saba magana a kansa ba shi ne mai fitowa inda ba a gayyace shi ba: farin ɓawon da ke bayyana a wasu filayen shinkafa na bakin kogin Isa, da gonakin tattasai na bakin Komadugu a jihar Difa, inda ban-ruwa ba magudana ya jawo gishiri sama har manomi ya bar filin. A nan ilimin tsirrai masu jure gishiri ke da aiki a gabansa. Kuma an fara. Masu bincike na Jami'ar Abdou Moumouni da abokan aikinsu sun gwada burgu a filayen Kollo da gishiri ya ɓata, suka ga yana rage gishirin saman ƙasa, ga shi kuma abincin shanu ne da makiyaya ke saye. Burgu fa, wanda kowane yaro na bakin kogi ya sani. Mutum nawa cikinmu suka ji wannan labari, mutum nawa suka ji na jirgin Etihad?

Man miyar ma da ya kawo mu wannan magana, ba rashin teku ya hana mu shi ba. Ƙasar nan ta taɓa rayuwa da gyaɗa, ita ce kan gaba cikin abin da muke fitarwa waje kafin yuraniyom, har aka kafa SONARA a 1962 don cinikinta, ga masana'antar tatsar mai a Maraɗi. Fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970 suka karya ta, ba a sake tayar da ita yadda take ba. Ƙwayar gyaɗa kusan rabinta mai ne, riɗi ma haka, sun fi salikorniya nesa, kuma tunkuzarsu ba ta bukatar magani. Aduwa tana tsaye a dajinmu ba mai ba ta ruwa, a Damagaram kamfanin Sahara Sahel Foods yana tatsar man ƙwallonta yana sayarwa. Amma shiga kasuwar Maraɗi ko ta Tawa ka duba bidon da aka jera, yawancinsu man kwakwa ne da ya ƙetaro teku.

Saboda haka in aka ce za a kashe kuɗin ƙasa a kan noma da gishiri, mu ga an fara da auna filayen da suka lalace, jiha jiha, hekta nawa ne, na wa ne, gishiri ne ko kanwa, a kuma buga sakamakon inda kowa zai gani. INRAN da jami'o'inmu na Yamai, Maraɗi, Damagaram, Tawa da Difa suna da mutanen da za su iya. Wanda kuma ya zo da shirin salikorniya ko wata ciyawa mai kama da ita, a zaunar da shi a ba shi ruwa, sannan a nemi ya nuna gona ɗaya, ko ina take a duniya, da ta yi shekara biyar tana biyan kuɗin injinta da kuɗin man da ta sayar, ya kuma nuna a taswira inda ruwan wankin gishirin zai bi in ya bar gonar.